Samari, wa ya ba ku fatawar jini?

Jiya da daddare a teburin mai shayi wani yaro da gemunsa bai gama tsirowa ba ya miƙo mini waya yana dariya. Bidiyo ne, jama'a sun rufe wani mutum da duka wai ya yi ɓatanci, ana kabbara ana neman tayar mota a ƙona shi. Ya ce, "Baba, ka ga maganin irinsu." Na ce me mutumin ya faɗa? Bai sani ba. Wane gari ne? Bai sani ba. Amma ya riga ya watsa shi a WhatsApp.

Ƙannena, kullum kuka muke ana jingina wa Musulunci ta'addanci, kuma kukan yana kan hanya. Tun harin 11 ga Satumba 2001 a Amurka, mai suna Muhammadu yake shan tambayoyi a filin jirgi kan laifin da bai ji ba bai gani ba. Zalunci ne. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wannan "a kashe shi, kafiri ne" da ta zama ruwan sha a bakinku, ita ce hujjar da masu zagin addininmu suke nema, ku kuma kuna miƙa musu kyauta.

A wace makaranta kuka karanto wannan? Suratul Ma'ida, aya ta 32, ta ce wanda ya kashe rai guda ba da haƙƙi ba kamar ya kashe mutane duka ne. Usama ɗan Zaidu a fagen yaƙi ya kashe wanda ya furta kalmar shahada, ya ce ai tsoron makami ne ya sa shi. Manzon Allah (SAW) ya tambaye shi ko ya tsaga zuciyarsa ya gani, ya yi ta maimaita masa faɗa har Usama ya yi fatan ina ma ranar ya musulunta. Sahabi ke nan, a yaƙi. Kai kana kwance a katifa da datar da ka ciwo bashi, ka tsaga zuciyar mutumin da ko sunansa ba ka sani ba! Sayyidina Abubakar da zai tura runduna Sham cewa ya yi kada a taɓa mace, yaro da tsoho, kada a sare itace mai 'ya'ya, a ƙyale masu ibada a ɗakunan ibadarsu. Hukunci kuma na alƙali ne, da shaidu da bincike, ba na 'yan bakin titi ba, waɗanda rabinsu ma, mu faɗi gaskiya, sun sha sun yi tatul kuma asuba ba ta ganin goshinsu.

Baki shi ke yanka wuya, magana kuma zarar bunu ce. Kafirta mutane bai taɓa tsayawa a baki ba. Khawarijawa, 'yan tawayen farkon Musulunci, da shi suka fara, suka ƙare da sarar Sayyidina Ali a masallacin Kufa. Maitatsine da shi ya fara, a Disambar 1980 dubban rayuka suka salwanta a Kano. Boko Haram ma haka. Su wa suka mutu a Babban Masallacin Kano ranar Juma'a 28 ga Nuwamba 2014? Masallata, sama da ɗari. Sheikh Albani Zariya a shekarar aka harbe shi da matarsa da ɗansa. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Ku koma gaban malamai ku durƙusa, ku kama bakinku. Iyaye kuma, da kuka saya wa yaro waya kuka juya baya, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A 2018 a ƙauyen Nghar da ke Barikin Ladi, Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye Kiristoci sama da 200 a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa yana roƙon mahara. Irin tarbiyyar da muka taso muka tarar ke nan. A da, ɗalibi sai ya ƙare Ahalari da Ishmawi da Risala bai yarda ya ce ya isa fatawar alwala ba. Dattijo ɗaya ya ɗaga sanda ya ce "ku bari" sai taro ya watse. Yau dattijon da kansa yana tsoron kada a ce shi ma munafuki ne, sai ya naɗe tabarmarsa ya shige gida.