Ƙwan lantarkin gida zai raya shuka, amma ku daina yi wa yara ƙarya

Jama'a akwai wata magana da ta daɗe tana cina, yau dai sai na faɗe ta. Kwanan nan bidiyoyi sun yi yawa na mutanen da ke nuna wai da ƙwan LED na gida guda biyu ko uku da kwali ɗaya za ka noma wiwi a cikin ɗaki, a nuna maka shuka kore shar ta cika kwali, yara suna ta turawa juna. Ni ba na noma wiwi kuma ba zan koya wa kowa ba, amma na yi shekaru ina rainon shuke-shuke a cikin ɗaki da fitila, to na san inda ƙaryar take, kuma abin yana min ciwo wallahi.

Da farko dai waɗanda ke ɗora bidiyon nan yawancinsu suna ƙasashen da doka ta ba su dama ne. Kanada ta halasta a watan Oktoba na 2018, dokar tarayya ta yarda gida ɗaya ya ajiye shuka 4. Jamus daga 1 ga Afrilu 2024 babban mutum na iya ajiye 3. Yurugwai tun 2013 ta yarda da 6. A mafi yawan ƙasashen duniya kuwa laifi ne da ke kai mutum gidan yari ko da tukunya ɗaya ce, kuma mai bidiyon ba zai tsaya ya gaya maka haka ba, shi kallo yake nema.

To mu koma kan fitilar kanta, don nan ne nake so mu fahimci juna. Ƙwan gida yana raya shuka, wannan gaskiya ne ba na musu. Ganye yana amfani da hasken da ke tsakanin nanomita 400 zuwa 700, wato ma'aunin da ake bambance launin haske da shi, ya fi shan shuɗi da ja, kuma farin LED ɗin da muke sakawa a ɗaki asalinsa shuɗin haske ne aka shafa masa wani sinadari mai ruwan ɗorawa ya koma fari, don haka akwai shuɗin akwai jan a ciki. Wannan shuɗin LED ɗin ma shi ya sa masana kimiyya Akasaki da Amano da Nakamura suka samu kyautar Nobel a 2014. Har a tashar sararin samaniya an noma latas da LED, 'yan sama jannati suka ci a 2015. Kenan launin hasken ba shi ne matsala ba, yawansa ne matsalar.

Idonmu ne yake yaudararmu. Ka shiga ɗaki ka kunna ƙwai ka ga ko'ina fes, ka ce ai haske ya wadata, alhali ɗakin da ake karatu a ciki bai wuce laks 300 zuwa 500 ba, wato ma'aunin hasken da ke sauka a wuri, rana tsaka kuma a waje tana kaiwa laks 100,000. Dubi tazarar fa. Ido yana buɗewa yana tsukewa ya daidaita kansa shi ya sa ba ma jin bambancin, ganye kuma ba shi da wannan dabarar, abin da ya sauka a kansa shi ne abincinsa. Sannan lumen ɗin da ake rubutawa a kwalin ƙwai, wato ma'aunin yawan haskensa, don idon mutum aka auna shi, idon da ya fi ganin kore-kore wajen nanomita 555. Ga kuma babbar yaudara, ka ga an rubuta 60W da manyan baƙi, ka duba ƙasa da ƙananan rubutu ka tarar wat 9 ne kawai yake ja, lumen 800. Sittin ɗin nan kwatance ne da tsohon ƙwai mai zare, wanda kusan kashi 90 cikin 100 na wutarsa zafi yake zama. Mutum ya jera guda uku yana lissafin wat 180 ne da shi, ashe 27 ne.

Na ga wannan da idona lokacin da na fara. Na shuka irin tumatir a ƙananan kofuna, na rataye ƙwai ɗaya can sama kusa da silin, kwana goma suka fito dogaye sirara kamar zare, karan fari-fari, ganye biyu ƙanana a can ƙarshe duk sun karkata wuya suna neman fitilar, da na taɓa ɗaya da yatsa sai ta kwanta a bakin kofin ba ta ƙara tashi ba. Na ji zafin abin sosai. Daga baya na gane ƙa'idar, in ka ninka nisan ƙwai sau biyu hasken da ke isa ganye yana komawa kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Da na sauko da fitilar kusa, na sake shuka, sai ga kara mai kauri ganye ya buɗe. Na'a-na'a da latas da furannin ado masu son inuwa duk suna rayuwa lafiya a haka, har yau ina da su.

Amma shukar da aka halitta don rana, mai yin fure da 'ya'ya, labarinta daban ne. Tumatir ɗin nan da ya girma sai da na fitar da shi waje, don ganyen sama kaɗai ke samun haske na ƙasa duk suka yi rawaya suka zube. Wiwi ma shukar rana ce, to duk wanda ya nuna maka kwali cike da shuka a ƙarƙashin ƙwai uku na gida, ka sani akwai abin da bai nuna maka ba a bayan kyamara.

Abin da ya fi tayar min da hankali kuma shi ne haɗarin wutar lantarki. Da yaro ya ga hasken bai isa ba sai ya fara ƙari, ya sayo holda mai baki biyu ya ɗora wata a kanta, ya jona estenshin a kan estenshin, ya naɗe waya da salatif, duk a cikin kwali ko durowar kaya da aka liƙe ciki da takarda mai ƙyalli, a rufe ruf don kar a gani, fitila tana ci awa goma sha shida ko fiye, ga ruwan ban shuka a gefe. LED bai cika zafi a gaba ba amma gindinsa yana ɗaukar zafi, a rufaffen wuri kuwa robar holda sai ta fara narkewa. Na taɓa jin wannan warin a ɗakina, warin roba mai ɗaci da ke kama maƙogwaro, na cire holda na tarar cikinta ta yi baƙi ta lanƙwashe, kuma ƙwai biyu ne kacal a buɗaɗɗen wuri. Wasu har fasa farar hular ƙwan suke yi wai haske ya ƙaru, ba su san a ƙwai da yawa farantin da ke ciki yana ɗauke da wuta ba, hannu mai jiƙa ya taɓa shi ke nan. Dogon ƙwai na fulorasen da mai lanƙwasar nan kuma akwai makuri a cikinsu, wani sinadari mai guba, in ya fashe a ƙuntataccen wuri sai an buɗe taga an fita na ɗan lokaci, ba a share shi da hannu.

Don Allah iyaye da yayye, in kun ga ƙaninku ya kwashi ƙwayaye da waya ya shige ɗaki ya kulle, haske yana fitowa ta ƙasan durowa har tsakar dare, ku zauna da shi ku tambaye shi cikin lalama. In sha'awar shuka ce da gaske ke damunsa, ku ba shi irin na'a-na'a ko latas, ku sa mai gyaran wuta ya haɗa masa holda mai kyau a kan buɗaɗɗen tebur nesa da labule, da taima da za ta kashe fitilar da dare don shuka ma tana buƙatar duhu, sati uku zai ga ganyen da ya raina da hannunsa.