Motar da ke gurnani a kwana

Mota mai gudu ba a babban titi take tona wa mai ita asiri ba, a lungu ne. BMW E36 ɗina, daga Kumasi har Ejisu ko tarinta ba ka ji. Amma da zarar na karya sitiyari a hankali zan shiga layinmu a Aboabo, sai bayanta ya kama gurnani, gur-gur-gur, tana ɗan zillo, har mai kokon bakin layi ta koyi janye bokitinta in ta hango ni.

A Suwame Magazin, unguwar bakanikai ta Kumasi, Masta ko bonet bai buɗe ba. Ya sa aka ɗaga ƙafafun baya duka biyu, giya a firi, ya juya taya ɗaya da hannu. Ɗayar ta bi ta, gefe guda.

"Alhaji, bak-aksul ɗinka ba irin na tasi ba ne."

Bak-aksul shi ne akwatin giyar da ke raba wa tayoyin baya ƙarfi. A na gama-gari, in ka juya wannan gaba, waccan baya za ta yi. Nawa LSD ne, wato mai taƙaita sulɓin taya, ga ma harafin S a kan ɗan ƙarfen lambar da ke jikinsa. A ciki akwai faya-fayan kuloci masu riƙe tayoyin biyu, don kada wadda ta faɗa laka ta kwashe ƙarfin duka ta bar 'yar'uwarta a tsaye. To a kwana tayar waje ta fi ta ciki doguwar tafiya, dole faya-fayan su zame sannu-sannu. In man ba shi da sinadarin santsi, sai su kama su saki, su kama su saki. Gurnanin ke nan.

Man da ke ciki kuwa, wani bakanike ne ya tsiyayo shi daga jarka marar suna. Wanda ya dace 75W-140 ne mai alamar LS a jikin roba, kusan lita 1.7. In babu, a sami man giya GL-5 a ƙara masa ƙaramar kwalbar sinadarin, mai mililita 118. Kada a yi masa zubin mai kyauta, in ya yi yawa faya-fayan su daina riƙo, ka koma mai tasi da kuɗinka.

Masta ya duƙa ya karanta tayoyi, ya ɗago yana salati. Hagu 225/45 R17, dama 225/50 R17. Mai facin da ya sayar mini ya rantse cewa duk sha bakwai ne. Bai yi ƙarya ba, sai dai ɗaya ta ɗara ɗaya tsayi da milimita 22, wato ko a miƙe nake tafiya faya-fayan na gugar juna suna ɗaukar zafi.

Sai aka zo canjin mai. Noti biyu ne, na cikawa a sama, na zubarwa a ƙasa, duka da makullin alen 14. Ƙa'ida ita ce a fara kwance na sama. Masta ya tafi La'asar, yaronsa mai zafin nama ya kwance na ƙasa. Mai ya zubo baƙi ƙirin yana ƙauri, na sama kuma ya ce allambaran. Mota ta kwana a Magazin ba ɗigon mai, ni kuma na koma gida cikin firagiya, keken nan mai ƙafa uku, da babbar riga, ina riƙe da makullin BMW.

Washegari da dogon bututu aka shawo kansa. Masta ya ja maganaɗisu cikin tsohon man: garin ƙarfe mai laushi ne kawai, babu ɓarɓashin haƙori, sai ya ce da sauran rai. Aka daidaita motar a shimfiɗe, aka cika har mai ya leƙo bakin rami, aka sa sabon washa, aka ɗaure a Nm 70 na ma'aunin ƙarfin ɗauri, aka canza taya.

Saura abu ɗaya: a sami fili a riƙa zana lamba 8 a hankali, kamar sau goma, don mai ya ratsa tsakanin faya-fayan. Na sami filin ƙwallo a Asawasi na fara kewayawa, kaina a waje ina sauraron baya. Gurnani na raguwa, jama'a na ƙaruwa. Yara suka jeru suna ƙirga mini. Can wani dattijo ya taso daga benci ya ɗaga mini sanda.

"Ɗana, lafiya dai ko?"

"Lafiya lau, Baba, mai nake ratsa wa kuloci."

Ya dube ni, ya dubi motar, ya juya wajen abokan hirarsa ya ce a kira masa wani daga gidanmu.