Shata a Bayan Mota

A gidana idan na ce, "Ku shirya, gobe Asabar za mu fita yawo," babu yaron da ke tsalle. Abba zai dubi Ummi, Ummi ta dubi uwarsu, ita kuma uwar ta ci gaba da tsintar shinkafarta ta ce, "Wane tsohon ne kuma ya rasu ya bar faifai?"

Sharri ne tsagwaronsa. Ni na kai yaran nan Hasumiyar Gobarau. Ni na kai su gidan tarihi na tsohuwar Kwalejin Katsina, na nuna musu inda su Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. In an ce a hanyar dawowa mun daɗe a shagon wani mai gyaran rediyo a wajen Ƙofar Ƙaura har Auta ya yi barci a kan benci, ai hanya ce ta bi ta nan.

Ciwon dai gado na yi. Kawuna direban babbar mota ne, da ya rasu kowa ya ɗauki abin da ya ga zai yi masa amfani, ni aka turo mini wani baƙin akwati mai hannun wani a gefe. Garmaho ne, irin wanda ba ruwansa da wutar lantarki: ka wana shi, ka ɗora faifai, ka sauke allura, ya yi ta rera maka ko da an shekara ba a kawo wuta ba. Daga baya na sayi na lantarki a wajen 'yan gwanjo, saboda na kawu fayafayan da ne kaɗai yake ci, masu nauyin nan da ke juyawa sau 78 a minti, waɗanda kowane gefe bai fi waƙar minti uku ba. Su da ƙaron wani ɗan ƙwaro ake yin su, galibi daga Indiya ake samo shi, kuma da sun faɗi ƙasa sai dai ka kawo tsintsiya. Na roba sun zo daga baya, babba mai juyi 33 a 1948, ƙarami mai juyi 45 a 1949. Babban nan gefe ɗaya sai ya ba ka minti ashirin, wato daidai da bukatar mawaƙin Bahaushe, wanda minti uku ba ta isarsa ko gama gaida masu gari.

Duk wannan bayani na sha yi wa Maman Abba. Ita a wurinta faifai iri biyu ne: mai cin wuri da mai cin kuɗi. Kullum maganarta ɗaya ce: "Baban Abba, mai cajin waya na bakin layi zai tura maka Shata kaf a memori, da kuɗin da bai kai na kwanon gero ba." Nakan ce mata waƙar da ke cikin waya ba ta da ƙamshi. Takan ce ƙamshin kyankyaso ne, ta san shi, domin a kabad ɗinta na jera su.

To, wani abokin aikina ne ya tsegunta mini cewa akwai wani dattijo a Daura wanda ya taɓa riƙe shagon faifai kafin kaset ya zo ya kashe kasuwar, kuma har yau yana da kwali guda a ƙarƙashin gado, da Shata a ciki. Sai Allah ya sa surukata, Hajiya, a Daura take. Da dare bayan an ci tuwo na gyara murya na ce ya kamata mu je mu gaida Hajiya, yara kuma su ga rijiyar Kusugu.

Maman Abba ta ajiye ludayi. "Tun da muka yi aure ban taɓa jin ka ce mu je gaida Hajiya ba sai da Salla. Lafiya?"

Na ce zumunci ai ba shi da wata.

Muka ɗauki hanya cikin watan Afrilu, tsakiyar bazara, lokacin da zafin Katsina ke haura digiri 40 ba tare da neman izinin kowa ba. Tafiyar wajen kilomita 80 ce ta Mashi, motata kuma na'urar sanyinta ta yi ritaya tun kafin a haifi Auta. Mun isa kowa ya jiƙe.

A Kusugu mai kula da wurin mutumin kirki ne, sai dai ba ya gaggawa. Ya faro tun daga zuwan Bayajidda garin da dare, da tsohuwar da ta gaya masa ba a ɗibar ruwa sai ranar Juma'a saboda macijin da ake kira Sarki, da yadda ya sare masa kai, har zuwa aurensa da Daurama. Ni kuwa agogo nake kallo. Abba ya tambayi tsawon macijin. Ummi ta tambaya ko Daurama ta so shi ne ko dole aka yi mata, sai uwarta ta ce tambaya mai kyau, ta kuma dube ni ban san dalili ba. Aka ja ruwa muka sha. Da na ga Abba na shirin jefo wata tambayar sai na ce, "Kai, shi kansa macijin a dare ɗaya aka gama da shi, ku wuce mu tafi."

Na sauke su gidan Hajiya, na durƙusa na gaishe ta, na ce zan je masallaci azahar. Kuma na je. Masallacin ne dai ya kasance a ƙofar gidan dattijon.

Na same shi a zaure yana jan carbi. Muka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi Katsina, ya tambayi zafi, ya tambayi wani liman da ya rasu tun ina firamare. Sai da gaisuwa ta ƙare tas na ce, da muryar wanda bai damu ba, "Baba, an ce kana da wasu tsofaffin tarkace na garmaho."

"Tarkace?" Ya ɗaga kai. "Yaro, wanda ya tuƙo mota daga Katsina cikin ranar nan ba tarkace ya zo nema ba."

Jikansa ya jawo kwalin. Da na buɗe na ga fuskar Shata a jikin bangon farko, sai hannuna ya fara rawa, kuma dattijon ya gani. Duk mai shiga kasuwa ya san daga nan ciniki ya ƙare, abin da ya rage yanka ne. Na zaro su ɗaya bayan ɗaya, ina riƙewa ta gefe yadda ba zan taɓa layukan ba, ina karkata su ga haske ina neman ƙarzuwa. Guda biyar lafiya lau. Na taya naira dubu 10. Ya ce albarka, ya koma jan carbinsa. Na ce, "Baba, a Katsina fa ba a saye haka." Ya ce, "A Katsina yake kwance? Mai waƙar nan tun da ya rasu a 1999 a garin nan aka binne shi, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar. Farashin Daura daban ne." Ban taɓa jin an saka makwancin mutum cikin lissafin ciniki ba sai ranar. Muka tsaya a dubu 35, kuɗin da aka ware na gyaran firji. Da zan tashi ya ce a ba ni gyara: fayafayai biyu masu nauyi na zamanin da, gara ta cinye takardar tsakiyarsu, hoton karen nan mai leƙa bakin garmaho kaɗai ya rage a jikin ɗaya. Na tambaye shi waƙar waye, ya ce in na je gida na ji.

Na shimfiɗa su a but, na rufe da buhu, na koma gidan surukai da fuskar mai ibada.

A nan Hajiya ta shigo cikin lamarin. Baiwar Allah nan ba ta iya sallamar baƙo hannu sake. Tun kafin a kawo abinci ta sa yara suka fara fito da tsaraba: buhun gero cike har wuya, daddawa, kuka, man shanu, da kaji biyu a kwando. Aka ce in buɗe but. Na ce su dakata in gyara wuri, na yi wuf na kwashe kayana. Maman Abba na tsaye bakin ƙofa, mayafi a kafaɗa, ido a kaina. Na naɗe na Shata cikin dardumar salla na ɗora a kan ɗan dandamalin nan na bayan kujera, ƙarƙashin gilashin baya. Na gyaran kuwa ɗaya na cusa ƙarƙashin kujerata, ɗaya ƙarƙashin matashin kujerar baya. Niyyata da an gama lodi in sauya musu wuri.

Sai aka ce ƙannen marigayi surukina sun iso, suna zaure. Wanda ya san zaman surukai ya san ba a tashi. Ka tanƙwashe ƙafa, kai a sunkuye, ana tambayarka aiki kana cewa da godiya. Ta ƙofar zauren ina hango motar tsirara a tsakiyar rana, inuwar bedin da na fake da ita ta gudu ta bar ta. Ni da na haddace cewa faifan roba a tsaye ake ajiye shi, a inuwa, nesa da zafi, ga ni zaune ana ce mini, "Ƙara tuwon mana, ko kunya kake ji?" Na yunƙura sau ɗaya, babban cikinsu ya ce, "Zauna, ai yanzu muka fara hira." Har aka kira la'asar muna kan tarihin wata gona.

Da muka zo tafiya Abba ya faɗa kujerar baya da dukkan ƙarfinsa. Ƙas! Ya ce, "Baba, wani abu ya sake karyewa a motarka." Na ce ya saba, na tada mota. Kaji suka yi ta kuka har Katsina, suna taya ni.

Sai da kowa ya shiga ciki na kwance dardumar. Duk biyar ɗin sun lanƙwashe kamar malfar makiyayi. Na ce wataƙila a ido ne kawai, na ɗora ɗaya a injin lantarki. Allura ta hau tudu ta gangara kwari, muryar da ta cika Arewa ta koma tana shiga tana fita, kalangu na tuntuɓe a bayanta. Auta ya fito ya kama rawa, yana durƙusawa duk sanda allurar ta gangara. Ina cikin neman makunnin sai na ji murya a bayana.

"Baban Abba, a masallacin aka raba wannan?"

Ban tanka ba, domin ba kowace tambaya ake amsawa ba.

Masu wannan harka suna da magani: a sa faifan tsakanin gilashi biyu masu faɗi, a danne da abu mai nauyi, a bar shi ya miƙe a hankali. Gilashi biyu masu faɗi a gidana kuwa wuri ɗaya suke, saman teburin falo da ƙasansa, teburin da ya zo cikin kayan ɗakin Maman Abba. Abu mai nauyi kuma ga buhun geron Hajiya. Na jira ta yi barci, na haɗa komai cikin natsuwa, na je na kwanta. Can tsakar dare gidan ya amsa. Ni dai har gobe ina ganin da Hajiya ta tsaya a rabin buhu yadda sauran surukai ke yi, da teburin nan na nan, kuma masu yin gilashin zamani su ji tsoron Allah.

Daga ranar abinci ya koma zuwa ta hannun Ummi. Gaisuwa ta koma "an tashi lafiya" ba tare da an jira amsa ba. Firji kuma ya ci gaba da zama kabad.

Wani dare aka ɗauke wuta, zafi ya koro mu tsakar gida, kowa a tabarmarsa ba mai ce wa kowa uffan. Na tuna da ɗan gyaran da ya tsira a ƙarƙashin kujera. Na ɗauko akwatin kawu, na sa sabuwar allura, na wana, na ɗora. Ina sa ran wani tsohon makaɗin fada. Bayan 'yar ƙarar soyuwa sai sarewa ta tashi, sai siririyar muryar mace da Indiyanci.

Na kai hannu zan ɗage allurar, aka ce, "Bar shi."

Maman Abba ce, ta tashi zaune. Ashe waƙar wani tsohon fim ce da gwaggonta ke rerawa tana yi musu kitso suna yara. Ta bi ta baiti-baiti, har da karkata kai, mace da ba ta jin ko "zo" da Indiyanci. Minti uku suka cika ta ce, "Sake sa shi." Na ce allurar ƙarfe ce, ƙa'ida kowane gefe sai an canja sabuwa, in ba haka ba ta cinye faifan. Ta ce, "To canja mana, tsayuwar me kake yi?"

Washegari na dawo aiki na tarar akwatin kawu ya koma ɗakinta, daidai gurbin da ta ce a madadin teburi ne. Yanzu sai na yi sallama kafin in ga gadona. In matan maƙwabta sun taru ana kirana in wana in canja allura, sannan a ce in ɗan ba su wuri.

Asabar ɗin da ta wuce ta ce za ta je gaida Hajiya, ba sai na wahalar da kaina ba, za ta hau motar haya. Da magariba ta dawo ɗan acaɓa na biye da ita da kwalin dattijon gaba ɗaya. Ta ce da ya ji 'yar gidan wance ce, sai ya ce ta ba da abin da ya sauƙaƙa, ta ba shi dubu 8. Ya kuma ƙara mata da gyara: Shata guda biyu, miƙaƙƙu, ko ƙarzuwa babu, waɗanda ni ko nuna mini su bai yi ba.

Na miƙa hannu, ta janye kwalin.

"Na sayarwa ne, Baban Abba. Ka fara kawo gilashi da mai gyaran firji, sannan mu zauna. Amma ka sani tun yanzu, farashin Daura ne."