Mai ƙaramin jari kaɗai katangar Ghana take tarewa

A 2019 da 2020 'yan ƙungiyar 'yan kasuwar Ghana, GUTA, sun bi shagunan 'yan Najeriya suna garƙame su da kwado, a unguwar Suame ta Kumasi inda ake cinikin kayan gyaran mota, da Circle a Akara inda ake sayar da wayoyi. Hujjarsu dokar zuba jari ta 2013. Dokar ta keɓe wa 'yan ƙasa cinikin kiri a rumfar kasuwa, da talla, da aski, da gyaran gashi, da ruwan leda, har da tasi idan motocin ba su kai 25 ba. Baƙon da ke son saye da sayarwa kuwa sai ya ajiye jarin dala miliyan 1, ya ɗauki ƙwararrun 'yan Ghana 20 aiki.

Ba na musun cewa kowace ƙasa na da ikon kare abincin 'ya'yanta. Kukan GUTA ma ba na banza ba ne: wanda ya shigo da kaya a kwantena, sannan ya zauna kusa da kai yana sayarwa ɗaiɗai a farashin sari, ya gama da kai.

Sai dai a duba wanda dokar ta kama. Dala miliyan 1 ba ta ɗaga wa babban kamfanin China ko na Labanan hankali. Wanda ba ya son biya kuma ya san hanya, ya nemi ɗan gida a yi rajista da sunansa, a riƙa ba shi na goro duk wata. Kwado yana sauka ne a ƙofar mai shagon da bai fi ɗaki ɗaya ba, wanda ya shigo ta Aflao, garin kan iyakar Ghana da Togo, yana taƙama da yarjejeniyar ECOWAS ta 1979, wadda ta yi masa alkawarin shiga da zama da kafa sana'a.

Najeriya ta riga ta sha wannan magani. Dokar Gowon ta 1972 da ta Obasanjo ta 1977 sun tilasta wa baƙi sayar da hannun jari ga 'yan ƙasa. Masu kuɗi da masu hanya a gwamnati suka saye, a kamfanoni da dama sunan ɗan gida na kan takarda, akalar na hannun mai ita na asali. A 1995 aka soke tsarin, aka buɗe kusan komai. Kuma kada 'yan Najeriya su cika baki: mu ne muka kori 'yan Ghana a 1983, mu ne muka rufe iyaka a Agustan 2019, kayansu suka maƙale.

Abin da ya kamata Akara ta yi shi ne ta daina zuba kowane baƙo a kwando ɗaya. Kakannin mutanen zango, wato unguwannin Hausawa da sauran baƙi a Ghana, sun yi fataucin goro a Gwanja tun ba a san wata ƙasa Ghana ba, kuma hedikwatar kasuwar bai ɗaya ta Afirka a Akara take. A cire wa ɗan ECOWAS sharaɗin miliyan 1, ya yi rajista, ya biya haraji kamar kowa. Bincike kuma a kai shi kan kamfanonin da ke fakewa da sunan ɗan gida, a hukunta mai ara da wanda ya ba da aron.