Wanda kansa ya bugu ba shi ake tambaya ko zai iya ba

Jiya a gidan kallon ƙwallo na unguwarmu nan Agege sai da muka yi cacar baki da wani abokina, wai don an cire ɗan wasa bayan sun gwara kai da wani shi ne yake cewa yaran yanzu ragwaye ne, a da bandeji kawai ake ɗaura wa mutum ya koma fili. Wallahi da maganar nan na kwana a raina.

Jama'a buguwar ƙwaƙwalwa ba targaɗe ba ce fa. Ƙwaƙwalwa cikin ruwa take a ƙoƙon kai, in an yi karo mai ƙarfi sai ta girgiza, kuma ba lallai sai mutum ya suma ko jini ya fito ba, wani zai miƙe garau yana gudu alhali bai san inda yake ba. Ku tuna Kramer na Jamus a wasan ƙarshe na Kofin Duniya na 2014 da Ajantina, ya yi karo da kafaɗar Garay aka bar shi ya ci gaba, har ya je yana tambayar alƙalin wasa wai shin wannan ne wasan ƙarshe? To mutumin da bai san wasan da yake bugawa ba shi za ka tambaya "za ka iya?" Ga Karius golan Liverpool a wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai na 2018, duk mun yi ta zaginsa kan ƙwallayen da Madrid ta zura masa, daga baya likitoci a Amurka suka ce ƙwaƙwalwarsa ta bugu a wasan.

Ɗan wasa ba zai taɓa cewa a cire shi ba, yana tsoron wani ya gaje masa gurbi, ga dangi a gida duk shi suke kallo. Koci maki uku yake nema, likitan kuma kulob ke biyansa albashi. Shi ya sa ni a ganina likitan da ba ya cin abincin kowane ɓangare shi ya kamata ya yanke hukunci, kuma da zarar an yi zargin buguwar ƙwaƙwalwa kawai a fitar da ɗan wasan, ranar ya gama. IFAB, hukumar da ke tsara dokokin ƙwallon ƙafa, ta sa canjin ɗan wasa saboda buguwar kai a cikin doka tun 2024, madalla, amma ta ƙi yarda da canjin wucin gadi da zai ba likita lokaci ya duba mutum a tsanake, a 'yan mintuna gaban dubban mutane masu ihu me za a gane?

Dawowa kuma daki-daki ake yi, hutu tukuna, sai ɗan motsa jiki, sai atisaye ba gogayya, kowane mataki aƙalla awa 24, in ciwon kai ko jiri ya dawo a koma baya. Bugu na biyu kafin na farko ya warke shi ne mafi haɗari. A Birtaniya ƙa'idar 2023 ta 'yan wasan unguwa kwana 21 ce mafi ƙaranci kafin a koma buga wasa. Kuma binciken jami'ar Glasgow na 2019 ya nuna tsofaffin 'yan ƙwallo sun ninka sauran mutane sau uku da rabi wajen mutuwa da cutukan ƙwaƙwalwa, su ne fa jaruman da abokina yake yabo.

Abin da ya fi ci min rai namu na gida ne. Ƙanina ya taɓa gwara kai a wasan unguwa, aka kwara masa fiya wata aka ce tashi kai namiji ne, ya ƙarasa wasan, cikin dare ya kama amai bai ma tuna nawa aka tashi ba, muka kwana a asibiti hankali tashe. Ina cikin waɗanda suka tafa masa da ya miƙe, har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.