Kafin ka sayi faifan fanka, juya laftof ɗinka ka duba ƙasanta

Bidiyon nan da kuke ta turowa tun jiya ya ɓata min rai ƙwarai. Yaro ɗalibi ya ɗauko laftof ɗinsa tun daga unguwar Madina har Circle a nan Accra saboda tana mutuwa da kanta in ya yi rabin awa yana aiki, mai shago ko juya ta bai yi ba, ya miƙo masa faifai mai fanka shida da shuɗayen fitilu, irin wanda ake ɗora laftof a kai don ta huce, ya ce ai shi ke nan. Ku kuma 'yan uwa kuna ta sa masa albarka, har wasu na tambayar inda za su samu irinsa. An cuci yaron nan. An bar jaki ana dukan taiki, kuma nan da sati biyu zai koma da matsalarsa yadda take, kuɗinsa kuwa sun tafi.

Faifan fanka ba firji ba ne. Ba ya ƙirƙirar sanyi, iskar ɗakinka yake turawa sama. In kana cikin ɗakin kwano a Nima a watan Maris, rana ta take, iskar ɗakin ta haura digiri 32, to ita zai tura wa kwamfutarka. Amfaninsa guda ɗaya ne: ya taimaka wa iska ta shiga ta ramukan da kamfani ya huda a ƙasan na'urar. In babu ramukan, ko kuma hanyar da iskar za ta fita ta toshe, ko fanka ashirin ka jera ba abin da zai canja. Shi ya sa nake ta cewa a juya ta a duba.

Ga yadda abin yake a ciki. Farosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar, ita ce ke yin zafi. A kanta akwai wani mai mai kauri, toka-toka, sai faranti da bututun jan ƙarfe da ke kwashe zafin ya kai shi bakin mafitar iska, inda wasu siraran ƙarafa suke jere kamar haƙoran mataji. Fankar ciki tana zuƙo iska, galibi ta ƙasa, ta hura ta cikin haƙoran nan, zafi ya fita ta gefe ko ta baya. Yawancin HP EliteBook da Dell Latitude da Lenovo ThinkPad da ake kawo mana na hannu sun yi shekaru suna aiki a ofisoshin Turai da Amurka kafin su sauka tashar jirgin ruwa ta Tema, kuma da wuya a ce an taɓa buɗe su. Man ya bushe ya zama kamar busasshiyar laka. Ƙura ta taru a bayan haƙoran matajin ta zama kamar audugar katifa. Sannan hunturu ya zo daga Disamba zuwa Fabrairu ya ƙara nasa. Wannan ce cutar laftof ɗin yaron, kuma faifai ba ya kai hannu wurin.

Wani zai ce ai shi da ya sa faifai, ya ji jikin kwamfutar ya yi sanyi. Robar ƙasa ce ta yi sanyi, malam. Tafin hannu ba ma'auni ba ne. Sauke manhajar HWMonitor ko Core Temp, kyauta ne, ka ga lambar zafin farosesa da idonka. In ba ka aikin komai, digiri 40 zuwa 55 daidai ne. In kana aiki mai nauyi, 70 zuwa 85 ba abin tashin hankali ba ne. Da ta doshi 95 zuwa 100, farosesa za ta rage gudunta da kanta don kada ta ƙone, a nan ne kake jin komai ya yi nauyi, in abin ya wuce haka ta kashe kanta gaba ɗaya.

Lambar nan ita za ta gaya maka me ke damunta. In ka buɗe wani aiki ka ga ta yi tsalle daga 50 zuwa 90 da wani abu cikin daƙiƙa kaɗan ta tsaya can, ka zargi man farosesa. In fankar ciki tana ta gurnani amma ka sa hannu a mafita ka ji iska 'yar kaɗan, haƙoran mataji sun toshe. In kuwa ba ka jin motsin fankar sam alhali jiki ya yi zafi, ita ce ta mutu, sai a sauya ta. Duk cikin ukun nan babu wanda faifai ke warkarwa.

Gyaran kuma ba wani abin tsoro ba ne, ko da yake wanda bai saba riƙe sukurdireba ba gara ya kai wa mai gyara ya tsaya a kansa. A kashe na'ura, a cire caja, a buɗe murfin ƙasa, a fara zare igiyar batir kafin a taɓa komai. A danne fankar da yatsa lokacin da ake hura iska, domin in bulowa ta juya ta da gudun da ya fi ƙarfinta, tana lalata ta. A cire dunƙulen ƙurar da ƙaramin buroshi mai laushi, a hura daga ciki zuwa waje. Sukurorin farantin suna da lamba a jikinsu, 1, 2, 3, 4, a bi su a jere wajen ɗaurewa don ya zauna daidai. Tsohon mai a goge shi da sifirit mai ƙarfi, kashi 90 cikin ɗari ko sama, a bari ya bushe, a ɗiga sabo kamar ƙwayar shinkafa, ya rufe fuskar farosesa da siririn shafi. 'Yan sosunan nan masu laushi da ke manne a kan wasu sassa kada a yar da su, su ma aikin kwashe zafi suke yi. Kuma don Allah masu sa man goge baki su ji tsoron Allah, ruwan da ke cikinsa na bushewa cikin ɗan lokaci ya bar na'urar mutum cikin halin da ya fi na da muni.

Sai bayan an yi wannan ne maganar faifai take tasowa, kuma ko a nan akwai gwajin da ba ya cin ko sisi. Yi aiki iri ɗaya na minti 15 a kan tebur, rubuta lambar. Bari ta huce, ka ɗaga bayanta da murafun kwalba biyu, kamar santimita 2 zuwa 3, ka maimaita. In lambar ta sauka, na'urarka iska take nema ta ƙasa, faifai ko mazaunin ƙarfe zai yi mata amfani. In ba ta motsa ba, riƙe kuɗinka. Mutane da yawa abin da suke bukata ke nan kawai, su daina ɗora ta a kan katifa da filo da darduma, inda yadi ke liƙe ramukan ruf.

To in za ka saya, tafi da laftof ɗin kasuwa, ko aƙalla ka ɗauki hoton ƙasanta. Ramukan wata suna tsakiya, na wata suna can baya ta hagu. Fankar faifai dole ta zauna daidai ƙarƙashinsu. A cikin fanka shidan nan da aka sayar wa yaron, wataƙila ɗaya ce ke fuskantar rami, biyar robar banza suke hurawa. Babbar fanka guda mai faɗin milimita 140 zuwa 200 tana tura iska mai yawa tana juyi a hankali ba hayaniya, ƙananan kuwa sai sun yi ta gudu da ƙara kafin su kamo ta. Saman faifan ya zama ragar ƙarfe, ba roba mai 'yan huduji ba. Girmansa ya dace da na'urar, mai inci 15.6 ba ta zama lafiya a kan faifan inci 14, kuma ya kasance yana da ɗan matoki a gaba don kada ta zame in ka ɗaga shi. Ka sa a kunna a gabanka, ka ɗora 'yar takarda mai laushi ka ga ko sama yake hurawa, ka kasa kunne ko akwai ƙarar gogayya.

Sai maganar wuta, wadda ba mai shagon da zai gaya maka. Faifan daga kafar USB yake sha, bolt 5. Tsohuwar kafa, USB 2.0, rabin amfiya take bayarwa, wato wat 2.5. USB 3.0, mai shuɗin harshe a yawancin na'urori, tana kai amfiya 0.9. Wannan 'yar wutar ce za a raba wa fanka shida da fitilu. Fitilun nan kyan ɗan maciji ne, suna cinye rabon fankoki ba su rage ko digiri ɗaya ba. Duba takardar da ke manne a ƙasan faifan, in abin da yake ja ya wuce ƙarfin kafarka, bar shi. Kuma ranar da aka ɗauke wuta kana kan batir, ka sani faifan yana ci daga lokacin da ya rage maka.

Akwai masu tsada da ke da zoben soso a sama, wanda yake liƙe ƙasan laftof ya tilasta wa iska shiga ramuka, suna zuwa da adaftarsu daban. Waɗannan suna aiki da gaske ga masu gem da masu haɗa bidiyo, amma suna da ƙara, kuma a ƙurar garin nan in ba ka wanke matatarsu a kai a kai, kai da kanka kake ɗura wa na'urarka datti da ƙarfi. Masu MacBook Air kuwa, daga na M1 da ya fito a 2020 babu fanka a ciki, babu rami a ƙasa. Mazaunin alminiyam da zai ɗaga ta iska ta zagaya ya wadatar.

Na san za a ce mai shago ma abincinsa yake nema. Ya nema ta halal. Juya kwamfuta a duba ƙasanta minti ɗaya ne, kuma da ya gaya wa yaron gaskiya da ya samu kuɗin gyara, ya samu mai dawowa gobe.

Af, tun da a bidiyon na hango cajar da yaron yake amfani da ita, ita ma abin dubawa ce. Cajar jabu ta cika kasuwa daga Tip Toe Lane a Circle har Adum a Kumasi, za ka ɗaga ta ka ji ba nauyi kamar fanko. Juya ta ita ma ka karanta: yawancin HP da Dell bolt 19.5 suke so, Lenovo bolt 20. Wat ɗinta kada ya gaza abin da aka rubuta wa na'urar, in 65 take bukata kada a ba ta 45, in 90 ce kada a ba ta 65, don cajar za ta yi ta zafi, batir ya ƙi cika, wasu na'urorin ma su rage gudu. In kuma ka ga wurin da kake shafa yatsa ya taso, ko murfin ƙasa ya fara buɗewa da kansa, batir ne ya kumbura. Kada ka danna shi, kada ka huda shi, cire caja ka kai a sauya shi a ranar.