Zukini ba ta jiran kowa

Wanda ya saba da kabewa mai taurin ɓawo, wadda ake ajiyewa a gefen ɗaki ta yi watanni lafiya lau, zukini, wata irin doguwar kabewa mai laushin ɓawo, za ta ba shi mamaki. Dangi ɗaya ne, asalinsu nahiyar Amurka, sai dai ita manoman arewacin Italiya ne suka fitar da irinta a ƙarni na 19, kuma tun tana ɗanya ake tsinke ta. Kusan kashi 95 cikin ɗari na jikinta ruwa ne. Ko a firij, in ta yi mako guda sai ka ga ta fara laushi da tabo.

A nan Amurka inda nake zaune, da zarar watan Agusta ya kama, masu ɗan lambu a bayan gida sai su rasa yadda za su yi da ita. Tushe biyu sun ishi gida. Abin da ke damuna shi ne yadda ake barin ta ta yi ƙatuwa don a ce an yi noma. Daɗinta yana tsakanin tsawon santimita 15 zuwa 20, lokacin da farce ke shiga ɓawon ba wahala. In ta wuce haka, ƙwaya ta yi tauri, cikin ya zama soso, tushen kuma ya rage haihuwa.

Maƙwabtana firiza suka sani: a yayyanka, a tsoma a tafasasshen ruwa minti 3, a sanyaya, a daskarar. Tana ajiyuwa, amma ranar da ka narkar da ita ruwa ne zalla, sai dai miya. Ni busarwa na fi yarda da ita. A yanka siriri, a shanya a tanda mai ɗan zafi kamar digiri 55 na ma'aunin Celsius, domin rana a nan ba ta da ƙarfi kuma iska da danshi, har sai ta karye in an lanƙwasa. Abin da ya cika kwando sai ya koma kwalba ɗaya, ɗanɗanon ya ƙaru, ba ruwanka da wuta.

Dafa ta a rufe cikin kwalba ba tsami kuwa, Ma'aikatar Gona ta Amurka ba ta goyon bayansa, saboda naman yana cunkushewa zafi ya kasa ratsa tsakiya. Sannan in ka ɗanɗana ka ji ɗaci sosai, don Allah zubar da ita, gubar da ke cikinta dahuwa ba ta kashe ta.